Jan layin da na shata a jikin jirgina

Jirgin fasinja nake tuƙawa a tafkin Kainji, ina kwasar 'yan kasuwa daga ƙauyukan tsallake zuwa Yauri da Warra a jihar Kebbi. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zai je Warra, ɗauke da mutum sama da 150, ga babura ga kaya. Ya dare biyu a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne kawai. Duk wanda ke sana'ar nan ya san tun a gaɓa aka fara wannan hatsari, wajen lodi.

Bayan haka na sayi jan fenti na shata layi a jikin jirgina ta waje. Da ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare. Buhunan shinkafa da masara a ƙasa nake jera su, a tsakiya, babur kuma a kwantar da shi a ɗaure tamau, domin in ya zame gefe guda, mutane ma can za su ruga, jirgi ya kife. Kowa ya zauna. Yaron jirgi yana riƙe da kwanon kwasar ruwa, idonsa a kan katakon ƙasa, ko akwai inda yake tsattsafowa.

Wahalar ita ce ranar kasuwa. Dattijuwa za ta iso da ƙullin kifinta, ta ce, "Ɗan nan, ni kaɗai ce, nauyin me gare ni?" Sai in ce, "Baba, ki yi haƙuri, ga na baya nan tafe." Wasu su yi tsaki, wasu su ce na fiye tsoro. Kuɗin mutum goma ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen fetur a wannan tsada, amma na gwammace su ji haushina.

Ruwan nan kuma yana da tarko. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye gonaki da daji, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa har yau. In ruwa ya janye nake bin Sarkawa masunta su nuna mini inda suke. Da dare ba mai ganinsu. 'Yan biki sama da 100 da suka mutu a hatsarin jirgin ruwa a Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, da dare suke komawa gida. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ni ma da magariba nake ɗaure jirgi.

Rigar ruwa mai hana nutsewa ce har yanzu muke fama da ita. Mutane na cewa tana da zafi, wasu su ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Waɗanda nake da su ba sa isar kowa, don haka yara da mata masu goyo nake fara ba wa, ni da kaina nake ja musu igiyar ta kama ƙirji, saboda in ta yi sako-sako, da an faɗa ruwa ta kai take fita.