Tsatsar da na tarar a bakin gilashin Fijon Baba

Fijo 504 ɗin da mahaifinmu ya bar mana haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ta daɗe a ajiye a ƙofar gidanmu a Gwammaja, ƙarƙashin darbejiya. Duk damina sai ruwa ya ɗiga ta gefen direba ya jiƙa kafet, ni kuwa na ɗauka robar gilashin gaba ce kawai ta tsufa.

Ranar da muka yanke robar muka ɗaga gilashin, jikina ya yi sanyi. Leɓen ƙarfen nan da roba ke kamawa, a kusurwoyin ƙasa biyu inda ruwa ke kwanciya, tsatsa ta gama da shi. Wani fanel bita can baya ya laƙaba bodi fila, wato kwaɓin da ake cike ramin jikin mota da shi, a kai ya fesa fenti. Ina sa bakin sukudireba, filar ta ɓantare kamar ƙanzo, ga rami a ƙarƙashi wanda yatsana ke shiga. Abin ya ƙona mini rai, don Baba ya biya kuɗin aikin nan da zuciya ɗaya. Fila tana shan danshi, in aka ɗora ta a kan tsatsa, tsatsar ci gaba take da cin ƙarfe a ɓoye.

Kwana biyu na yi da burushin waya da samfefa mai lamba 80, har sai da farin ƙarfe ya fito ko'ina, ciki da waje. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon falle, yana ɗiga walda kaɗan-kaɗan yana barin ta ta huce, saboda ƙarfen siriri ne, zafi kan lanƙwasa shi. Dashbod mun lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu saboda tartsatsi. Kafin a taɓa fenti muka gwada gilashin da sabuwar robar da na samo a Ƙofar Ruwa, aka ga kusurwa ɗaya ta yi kauri, aka rage. Wannan gwajin ya cece ni, don leɓen in ya yi kauri roba ba ta zama, gilashi ma yana iya tsagewa wajen dannawa.

Daga nan sai faraima, wato shafin farko mai hana tsatsa, a goge da samfefa mai lamba 400, a share da tsumma mai tsabta, a rufe sauran jikin mota da jarida da tef. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, ƙura ko'ina. Mun yayyafa ruwa a ƙasan gareji, muka yi feshi da hantsi kafin iska ta taso, shafi uku marasa kauri, ana jira tsakaninsu.

Inda na yi kuskure shi ne washegari. Na taɓa fentin na ji ya bushe, na matsa a sa gilashi. An zura igiya a ramin roba, an shafa ruwan sabulu, mutum biyu suna dannawa daga waje, ni ina jan igiyar daga ciki. Ina ja ina ganin farin fenti yana biyo igiyar, yana tattarewa kamar fatar madara, har faraima ta bayyana. Dattijon da ke koya mini aikin ya danna farcensa a gefe, shatin ya zauna. Ya ce, "Ɗana, samansa ne ya bushe, cikinsa ɗanye ne. Ga kuma sanyi." Na ce, "Baba, to ya za a yi?" Ya ce a cire, a sake.

Muka cire, na sake gogewa, aka sake feshi. Wannan karon mako guda cur na bar ta, sai da farce ya daina barin shati. Igiyar ta zame sumul, roba ta hau leɓe tun daga tsakiyar ƙasa har sama.

A ruwan Agusta na shimfiɗa jarida ƙarƙashin dashbod na bar ta ta kwana, da safe na ɗauko ta a bushe. Saura gilashin baya, don na ga fenti ya fara kumbura a kusurwarsa ta hagu, kuma na riga na sayo samfefa.