Langhe: ƙasar inabi a Italiya da ko baka shan giya zaka more ta

Duk ɗan gida da yace min zai je Italiya hutu lissafin ɗaya ne, Rum, Venice, sai Milan a yi siyayya a ɗau hoto a gaban babbar cocin nan a dawo, to ba laifi, amma in kana da sauran kwanaki a bizarka kuma ka gaji da turmutsutsu da dogon layi, ni shawarata ka nufi Langhe. Yanki ne na tuddai a jihar Piemonte can arewa maso yammacin ƙasar, kudu da Torino kaɗan, babban garinsa Alba, tafiyar kilomita 60 ne ko kusa da haka daga Torino ɗin. Tun 2014 UNESCO ta saka gonakin inabin wajen, haɗe da na Roero da Monferrato, cikin wuraren tarihi na duniya.

Na san abun da wasu zasu ce, ai wajen 'yan giya ne me zai kai mutum. Gaskiya ne da giyar inabi aka san su, Barolo da Barbaresco da ake ta zuzutawa a duniya sunayen ƙauyukan wajen ne, kuma ni kaina bana sha. Amma wallahi abun da ya fi komai a Langhe ido ne ke shan sa. Tudu bayan tudu, duk an jera inabi layi-layi tsaf ba karkata, a kan kowane tudu ƙauye da hasumiyarsa ko tsohon gidan sarauta na bulo, in sararin sama ya washe sai ka hango duwatsun Alps a baya da ƙanƙara a kansu, har da Monviso mai tsini wanda tsayinsa mita 3,841 ne, daga gindinsa kogin Po yake tasowa.

Lokacin zuwa shine kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba. Inabin da ake ji da shi a can, Nebbiolo, shine na ƙarshen nuna, sai cikin Oktoba ake tsinkarsa, to lokacin ne ganye ke rikiɗewa wani ja wani ruwan ɗorawa, da safe hazo ya cika kwaruruka ƙauyuka su kaɗai suna leƙowa ta sama. Sai dai ka sani lokacin ne kowa ma yake zuwa, masauki yana tsada kuma yana ƙarewa da wuri musamman Asabar da Lahadi, in aljihu ba nauyi Mayu ko Yuni ma da kyau, komai kore shar. Agusta dai zafi ne, wasu shagunan ma a rufe.

Daga Torino akwai jirgin ƙasa har Alba, awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma daga Alba zuwa ƙauyuka bas ɗin ba abun dogaro bane, gara ka ɗau hayar mota, kuma in baka iya mai giyar hannu ba ka nemi otomatik tun kafin ka taso don ba su da yawa. Ka kula da allon da aka rubuta ZTL a bakin tsofaffin unguwanni, na waje baya shiga da mota, kyamara ce ke ɗauka tara ta biyo ka daga baya. Masauki kuma dan Allah kar ka maƙale a otal cikin gari, nemi abun da suke kira agriturismo, gidan gona ne da aka gyara ɗakuna don baƙi, ka buɗe taga da safe inabi a gabanka, karin kumallo da cuku da burodi da kek ɗin da matar gidan ta gasa da kanta.

Ka fara da La Morra. Ƙauyen yana kan tudu mai tsayin wajen mita 500, akwai wani dandali a ƙarshen garin da in ka tsaya kusan duk ƙasar Barolo tana ƙarƙashinka, kyauta, ba tikiti. A ƙasan garin cikin gonaki akwai wani ɗan ƙaramin gini da aka yi a 1914, siffar coci gareshi amma ma'aikatan gona ne ke fakewa a ciki in hadari ya taso, a 1999 wasu masu zane biyu, Sol LeWitt da David Tremlett, suka shafe shi da fenti kala-kala ja da shuɗi da kore da ɗorawa, yanzu kowa sai ya je ya ɗau hoto. Daga nan zaka iya gangarawa da ƙafa har ƙauyen Barolo ta hanyoyin gona, ba nisa sosai, sai dai dawowar hawa ce, in gwiwa na damunka ka yi hayar keke mai batir akwai su ko'ina. Barolo ɗin kanta ni bata burge ni kaman yadda sunanta ya yi ƙara ba, ƙarama ce kuma rabin shagunan na ɗanɗana giya ne, awa ɗaya ta ishe ka. Serralunga d'Alba ta fi min, gidan sarautarta na ƙarni na 14 siriri dogo, daga nesa ma sai ka tsaya kallo. Monforte ma ta cancanci a hau lungunanta har sama.

Grinzane Cavour kuwa ko don tarihi ka tsaya. Camillo Cavour, wanda ya zama firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya a 1861, shine magajin wannan ɗan ƙauyen daga 1832 zuwa 1849, a gidan sarautar wajen ya zauna yana kula da gonaki. A ɗaya ɓangaren na Alba akwai Barbaresco da hasumiyarta da ake hawa a kalli kogin Tanaro, sai Neive kusa da ita.

Yanzu bari in zo kan abun da ya fi ɗaukar hankalina, wato tartufo. Dangin lemar kwaɗi ne amma shi a cikin ƙasa yake fitowa a jikin saiwar bishiyoyi, in ka gan shi zaka ce ɓusasshen dankali ne da ƙasa a jiki, amma farin na Alba giram 100 ɗinsa ɗaruruwan yuro ne, farashin na hawa da sauka gwargwadon ruwan saman shekarar. Dalilin tsadar, ba a saba noma shi a gona kaman baƙin tartufo ba, sai dai a shiga daji a nemo, da kare. Masu neman, trifolau ake ce musu, yawanci da dare ko da asuba suke fita don kar wani ya ga wajensu, kowa na ɓoye bishiyarsa, uba ya nuna wa ɗa shikenan. Har makarantar koyar da karnuka wannan aikin akwai a ƙauyen Roddi tun 1880, kuma a 2021 UNESCO ta saka wannan sana'ar cikin al'adun da ake karewa. Ana shirya wa baƙi fita da mai kare na awa ɗaya ko biyu, yara na so sosai. Kasuwar baje kolinsa a Alba duk ƙarshen mako ne daga Oktoba har farkon Disamba, tun daga ƙofa ƙamshin zai buge ka, kuma maganarsa irin ta daddawa ce, wani yace ƙamshi wani ya toshe hanci. Ba dafa shi ake ba, kankare shi ake siriri-siriri a kan ƙwai ko taliya a gabanka, ana auna shi kafin da bayan kankarewa, to ka buɗe baki ka ce ya isa da wuri in ba haka ba bil ɗin zai baka mamaki.

In ka dace da Lahadin farko na Oktoba akwai tseren jakuna a Alba, eh jakuna. Asalinsa tsokana ce, mutanen Asti maƙwabtansu suna da tseren dawaki na alfarma, kuma ana cewa a 1275 da suka ci Alba da yaƙi a gindin ganuwarta suka yi sukuwa don cin fuska, shine 'yan Alba suka rama da jaki. Unguwanni ke fafatawa, ana shigar mutanen da, jaki ya ga dama ya tsaya cak a tsakiyar fili mahayi na ta fama jama'a na ta dariya.

Alba kuma itace gidan Ferrero, nan Pietro Ferrero ya kafa kamfanin a 1946, Nutella ta fito a 1964, wasu ranakun in iska ta juyo ƙamshin cakulan har cikin gari. Abun da ake haɗa Nutella da shi wata gyaɗar bishiya ce, nocciola, wadda ake nomawa a tuddan da suka fi tsayi wajen Cortemilia inda inabi baya yi sosai. Yankin nan da matalauta ne fa ƙwarai, bayan yaƙin duniya na biyu matasa guduwa suke Torino neman aikin masana'anta, kamfanin har bas yake turawa ƙauyuka ya kwaso ma'aikata ya maida su don su ci gaba da riƙe gonakinsu. Yanzu da ƙasar ta yi tsada, masu tsinkar inabin da yawansu baƙi ne, 'yan gabashin Turai da 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma, kuma an sha kama dillalan ma'aikata da ke cutarsu a kuɗin aiki. In ka gamu da su a hanyar gona ka yi sallama, zaka ga yadda fuska ke sakewa.

Batun abinci sai ka sa ido. Tajarin, siririyar taliya mai kwaiduwar ƙwai da yawa, da man shanu kawai ma ta wadatar. Bagna cauda miya ce mai zafi ta tafarnuwa da ƙananan kifi da man zaitun ana tsoma kayan lambu. Cuku iri-iri, a gwada Robiola. Amma agnolotti del plin, taliyar da ake cusa wa nama, sau da yawa akwai alade a cikin naman, naman brasato a giya ake dafa shi, har shinkafar risoto ana zuba mata giya, wani burodin ma da kitsen alade ake yi, don haka ka haddace "senza maiale, senza vino", ba alade ba giya, suna fahimta kuma basa jin haushi. Naman halal sai Torino, kasuwar Porta Palazzo akwai mahauta Musulmi birjik da masallatai a kusa, in masaukinka da kicin ka sayo tun daga can. Kuma gidan abinci na rufe kicin wajen biyu da rabi na rana sai bakwai da rabi na dare, ba ruwansu da yunwarka. Garin Bra da ke kusa nan ne Carlo Petrini ya faro tafiyar Slow Food, ta kare abincin gargajiya da cin sa a natse, a 1986, to mutane ne da ke zama awa biyu a kan abincin rana, kar ka shiga da gaggawa.

Tsaraba kuwa ka sayi gasasshiyar nocciola wadda aka matse a leda ba iska, da kek ɗinta, da cakulan gianduiotto. Ɗanyen tartufo baya wuce mako guda ya lalace, kar ka wahalar da kanka. Man tartufo ɗin nan na ƙananan kwalabe kuma ka juya ka karanta bayan kwalbar kafin ka biya, yawancinsu ƙamshin haɗi ne aka zuba a mai.