Hostos, kwalejin da mutanen unguwa suka hana a rufe

Duk wanda ya sauka Bronx ta birnin New York daga Damagaram da Faransanci kaɗai a baki, hanya biyu 'yan'uwa ke nuna masa: tuƙin tasi in namiji ne, jinyar tsofaffi a gidajensu in mace ce. Da jinyar na fara. Tana biyan hayar ɗaki, har a aika wani abu gida, amma Turancinta bai wuce na abinci da magani ba. Wata 'yar Zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ce ta ce mini, "Yaya, ki je Hostos, kada ki tsufa kina jinyar tsofaffi."

Kwaleji ce ta shekara biyu a ƙarƙashin CUNY, jami'ar birnin New York, a mahaɗar titi na 149 da Grand Concourse. Jirgin ƙasa lamba 2 da 4 da 5 duk suna tsayawa a wurin, kuma ga mai fitowa aiki a gajiye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ajin Turancin baƙi na fara shiga. Yawancin ajin 'yan Dominika ne, sai mu tsiraru daga Gana, Gini, Mali da Gambiya. Har Sifaniyancin gaisuwa na tsinta a banza.

Ina ciki ta cika shekara 50 a 2018, kuma a hidimar bikin na ji yadda aka same ta. Mutanen Puerto Rico na kudancin Bronx ne suka matsa wa hukuma har aka kafa ta a 1968, da sunan wani masani ɗan ƙasarsu, marigayi Eugenio María de Hostos. An fara karatu a 1970 da ɗalibai 623, cikin tsohuwar masana'antar taya. Da aljihun birnin ya bushe a 1975, sai aka yanke shawarar haɗe ta da Bronx Community College, wato dai rufewa cikin ladabi. A 1976 ɗalibai da malamai da mutanen unguwa suka shiga ginin suka yi zaman dirshan kusan mako uku. An kama wasu, amma a ƙarshe majalisar jiha ta sa baki aka bar ta. A shekarar nan dai CUNY ta daina karatu kyauta, wannan kam ba a ci nasara ba.

Mu rijiya muka tarar an haƙa, kuma da yawanmu ko guga ba su zura ba. Mazanmu cewa suke babu lokaci. Ban ga laifinsu sosai ba, wanda ya wuni a sitiyari ba ya fahimtar lissafi da dare. Sai dai asibitin Lincoln na nan kusa a kan titi na 149, kuma aikin jinya da ɗaukar hoton ƙashi duk a Hostos ake koyar da su. Mai son digiri cikakke sai ya wuce Lehman ko City College da makin da ya tara.

Kuɗin ne matsala. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya sai mai takardun zama, kuma nawa ba su fito ba tukuna lokacin da na shiga aji na sosai. Matan adashinmu ne suka yarda aka matso mini da kwasata gaba, da ita na biya zangon farko.