Ga ƙannena masu son karanta ilimin falaki a jami'a

Ku ƙannena da kuke kallon hotunan da madubin hangen nesa na James Webb ke aikowa daga sararin samaniya ranku na biyawa, har kuna cewa in Allah ya kai ku jami'a ilimin falaki za ku karanta, wallahi ina taya ku murna, fanni ne da ya cancanci a so shi. Sai dai akwai abubuwan da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya min tun ina aji ɗaya, toh ba a gaya min ba, ko kuma an faɗa kunnena bai ɗauka ba, shi ya sa nake so ku ji tun da wuri.

Ni hotuna ne suka jawo ni, da na shiga sai na tarar babu hoto a allo, fiziks ne da lissafi tun safe har yamma. Kalkulas, aljabara, lantarki da maganaɗisu, ilimin zafi, kwantam, ƙididdiga. Na riƙa ɗaukarsu kamar shingen da zan tsallake kafin a zo kan taurari, ina haddace abin da zai fito a jarrabawa in samu in wuce kawai. Ranar da aka zo kan taurarin kuwa, ashe cikin tauraro da lissafin nan ake shigarsa, 'yan layuka huɗu ne na kalkulas ke bayyana yadda nauyi ke danna shi ciki, matsin zafi na tura shi waje, da yadda makamashi ke tasowa daga tsakiya ya fito, ni kuma na riga na manta yadda ake warware irinsu. Dole na koma littattafan aji ɗaya da daddare ina bi daga farko alhali abokan karatuna sun yi gaba. Ku dubi Cecilia Payne, a 1925 tana aikin digirin digirgir a ɗakin nazarin taurari na Harvard ta nuna cewa taurari galibinsu haidirojin ne da hiliyam. Hotunan bakan hasken taurarin nan, wato haskensu da aka rarrabe launi-launi, sun daɗe jibge a wurin, mutane da dama sun gan su kafin ita, abin da ta zo da shi shi ne ta iya lissafin da Meghnad Saha na Indiya ya fitar a 1920 kan yadda zafi ke fizge ilektiron daga jikin atam. Dan Allah kar ku yi wa lissafin shekarar farko riƙon sakainar kashi.

Na kuma ɓata lokaci ina jiran ranar da zan ɗora ido a kan babban madubin hangen nesa, a tunanina sai an yi haka ake fara bincike. Yawancin masu binciken nan ba sa leƙawa da ido, a gaban kwamfuta suke wuni, wasu ma ba su taɓa taka inda madubin da suke aiki da shi yake ba, balle James Webb da ke can nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan. Kuma data tana nan kyauta a intanet. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai da aka harba a 2013 ya auna matsayin taurari kusan biliyan 2, kowa na iya saukewa, haka ma datar kumbunan Kepler da TESS. Sababbin takardun bincike kuwa a shafin intanet na arXiv ake zuba su, ba mai hana ka karantawa. Abin da ya shiga tsakanina da duk wannan Python ne kawai, wato yaren rubuta wa kwamfuta umarni, na ƙi koya da wuri sabida ina ganin aikin 'yan kwamfuta ne. Ku fara yanzu, ko da 'yar tsohuwar laftof ce, ku sauke ma'aunin hasken tauraro ɗaya ku zana shi da kanku.

Wanda ya fi tsaya min a rai lokacin firojet ɗina na mastas ya faru. Ɗaya daga hanyoyin gano duniyoyin da ke zagaye wasu taurari ita ce lura da ɗan dusashewar haske duk sanda duniyar ta gitta ta gaban tauraronta. Abin ƙanƙani ne ƙwarai, duniya mai girman Jupita in ta gitta gaban tauraro irin Rana kusan kashi 1 cikin 100 na hasken take tarewa, mai girman tamu kuwa ba ta kai 1 cikin 10,000 ba. Toh ina cikin bin data sai na ga hasken wani tauraro yana ɗan nitsewa yana dawowa, kuma kusan a kan ƙa'ida. Maimakon in kai wa sufabaizana a ranar sai na ɓoye, ina so sai na gama komai tsaf in kai masa, na yi ta lissafin girman duniyar da nisanta da tauraron har na fara rubutu. Da na kai masa ya ɗan dubi zanen sai ya ce, "Ka duba maƙwabtansa?" Na ce, "Malam, waɗanne maƙwabta?" Ya ce sauran taurarin da ke gefensa a kan kyamarar. Da na duba duk tare suke nitsewa a daidai lokacin, sabida kumbon da ke ɗauke da kyamarar kan kunna 'yan ƙananan injinansa lokaci-lokaci don gyara tsayuwarsa, sai kyamarar ta ɗan motsa. Kuma an rubuta wannan ƙarara a littafin bayanin na'urar, har da alama a cikin datar kanta a kan waɗannan lokutan, ni ne ban karanta ba.

Ganin alamar ƙarya kam kowa na yi, har manya. A 2014 tawagar BICEP2 da ke aiki a ƙuryar kudancin duniya ta sanar da cewa ta ga sawun lokacin farkon sararin samaniya a cikin hasken da ya fi kowane daɗewa, kafin shekara ta zagayo aka haɗa da ma'aunin kumbon Planck aka ga ƙurar cikin gungun taurarinmu ta isa ta bayar da siginar. A Parkes ta Ostireliya an yi shekaru babban kwanon da ke sauraron siginar rediyo daga sararin samaniya yana kama wasu sigina masu ban mamaki, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abincin ma'aikata ce in an buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. Nawa laifin shi ne son abin ya tabbata ya hana ni neman hanyar rusa shi, ga kuma ɓoyewa da ta sa gyaran da zai ɗauki minti biyar ya cinye min makonni. Jocelyn Bell a 1967 tana ɗaliba a Kambirij ta ga wani ɗan karce a doguwar takardar da na'urarsu ta sauraron siginar rediyo daga sama ke fitarwa, ta kai wa malaminta, aka fara zargin hayaniyar na'urorin mutane ce, ita kuma ta bi shi ta ga yana dawowa da wuri da kusan minti 4 kullum, wato agogon taurari yake bi na awa 23 da minti 56, abin da mota ko rediyon wani ba za su yi ba. Haka aka gano falsa ta farko, wato ragowar mataccen tauraro mai juyawa da sauri, siginarta na bugawa duk daƙiƙa 1.33.

Shi ya sa nake roƙonku ku riƙe ƙididdiga da hannu biyu. Duk lambar da ka auna sai ka iya faɗin iyakar kuskurenta, in ba haka ba ba wanda zai karɓa, kuma ku sani in kana so ka rage hayaniyar ma'auni da rabi sai ka ninka lokacin kallo sau 4. Sannan in ka bincika taurari dubbai, dole wasu su nuna maka abin da kake nema bisa dace kawai, ba don yana nan ba.

Wajen zaɓar sufabaiza kar girman suna ya ɗauke muku hankali, ku tambayi ɗalibansa ko nata a gefe, ana samun zama da shi kuwa, yana karanta abin da aka ba shi. Kuma ku shiga da sanin cewa kujerun dindindin a jami'o'i ba su kai yawan masu gama digirin digirgir ba, galibi sai an yi aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku a nan, a ƙara a can, wasu kuma su koma aikin sarrafa data a kamfanoni, kuma babu abin kunya a ciki.

Sai rubuta abin da ka yi wa data. Akwai zanen da na taɓa fitarwa mai kyau, bayan wata biyu aka ce in sake shi da wani ɗan gyara, na kasa, sabida na manta taurarin da na cire da dalilin cire su. Tun daga nan kowace rana nake rubuta fayil ɗin da na taɓa da abin da na canza a ciki, kodin ɗina kuma yana kan Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi, ku ma ku fara haka tun daga firojet ɗinku na farko.