Ba ranar dashe ake ƙirga itace ba

Ɗalibin digiri na biyu a fannin kula da muhalli yakan fita horon fili a ƙauyukan Marwa ko Kaele, a arewacin Kamaru, da tunanin cewa babban aikin shi ne dashe. Fili ne ke gyara masa wannan tunani.

Aikin hannu ba shi da wuyar koyo. Ana cika leda da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a shuka iri a Maris ko Afrilu, a dasa a Yuli bayan damina ta zauna. Rami santimita 40 faɗi da zurfi, tazara mita 4 zuwa 5. Irin gawo yana da tauri, sai an karce ɓawonsa ko an zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki. Kuma kada ya daɗe a leda, domin saiwarsa ta nannaɗe, in an dasa ba zai yi ƙarko ba. Wanda ya makara har ƙarshen Agusta ya yi asara, ruwa zai ɗauke kafin saiwa ta kama.

Wahalar tana zuwa da rani. Daga girbi awaki ke yawo babu makiyayi, ga gara, ga wutar daji, ga shanu masu gangarawa fadamun kogin Logone. Shi ya sa malaman kirki ba sa karɓar rahoton da ya ce an dasa dubu kaza. Sukan ce a koma a watan Mayu a ƙirga waɗanda suka rayu.

A nan ne shugabanci yake. Tun kafin a haƙa rami, sai an san mai ƙasar: jauro ko lawani ya shaida, lamido ya sani. Manomin da ke noma gonar aro ba zai kula da itace ba, sau da yawa ma mai gonar ba ya so, don dashe kamar kafa hujjar mallaka ne. A zauna da arɗo a fitar da burtali, a tambayi mata inda suke samun itacen girki, a kuma yanke wanda zai yi shinge da gadi, da abin da zai samu. Taron da aka kira ranar kasuwa ko lokacin dashen masakwa, kujeru kawai za a yi wa jawabi.

Ga misalin aikin da aka yi ba a zauna da jama'a ba: dam ɗin Maga na yankin Logone, da aka gina a 1979 don noman shinkafa, ya rage ambaliyar da masunta da makiyaya ke rayuwa a kanta, sai a 1994 aka buɗe wata mashiga don mayar da ruwa fadama. Lissafin injiniya daidai ne, ba a dai saka mutanen fadamar da ke ƙasa da dam ɗin a ciki ba.

A ganinmu, inda gawo ke tsirowa da kansa a gona, barin sa ya fi sabon dashe arha: a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe sauran, a shafa musu fenti don mai garmar shanu ya gani ya kauce.