Kalmasar da ba a ganin zarenta

Ina cikin shekarata ta biyu a shagon ɗinki aka kawo wandon kwat a rage masa tsawo. Na yanke, na kalmashe bakin ƙafar, na bi shi da ɗinki miƙaƙƙe kamar yadda muke yi wa wandon shadda. Maigidana ya ɗaga wandon ya duba, ya ce, "Yaro, wannan ai ba wandon kaftani ba ne. Ɗauko reza ka farke." A ranar na san cewa akwai tufafin da ba a so a ga layin zare a bakinsu: wandon kwat, siket, wasu abayoyi, har da labule mai tsada.

Baƙin keken Butterfly da na koyi ɗinki a kansa ba ya yin wannan aiki, domin allurarsa ba ta karkata gefe. Sai aka zaunar da ni a kan keken lantarki mai zigizag. Ɗinkin da ake zaɓa yana tafiya ne kamar haka: allura ta yi 'yan taku a miƙe, sannan ta yi tsalle ɗaya zuwa hagu, ta komo. Wannan tsallen shi kaɗai ne ke taɓa jikin tufa.

Na ɗauka sirrin yana wurin keke, ashe yana wurin dutsen guga. Za ka juya wandon bai-bai, ka kalmashe iya tsawon da ka auna, ka danne da guga har karin ya fito sosai. Daga nan sai ka sake lanƙwasa kalmasar baya, ta shige ƙarƙashin jikin wandon, ka bar ɗan baki kamar milimita 6 yana leƙowa. A kan wannan ɗan bakin ɗinkin miƙe yake gudu. Idan guga bai kama ba, ninkin zai riƙa zamewa a hannunka, kuma duk ƙwarewarka sai layin ya karkace. Akwai ƙafar keke ta musamman, wato abin da ke danne yadi a ƙarƙashin allura, mai ɗan ƙarfe a tsakiya da ake jingina ninkin a jikinsa. Maigida ya sha gaya mini in daina kallon allura, in sa ido a kan wannan ƙarfen.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yawan abin da allura za ta ciza. Sili ɗaya ko biyu na saƙar yadin ake so ta kama. Ta ciza da yawa, kana buɗewa sai ka ga zare ya jeru a waje. Ta kuskure ninkin kuwa, kalmasa ta saki, mai wando ya taka ta da dunduniya. Kwana uku na yi ina gwadawa a kan ƙyallaye, ina rage faɗin zigizag kaɗan-kaɗan. Har yau ba na taɓa kayan mutum sai na gwada a guntun da na yanke daga jikinsa, saboda yadi mai kauri yana haɗiye zare, marar kauri kuwa yana tona asiri. Ga yadi mai laushi nakan sa allura lamba 11, in ɗan sassauta ɗaurin zaren sama don kada ya tattare. Idan ban sami zare mai launin yadin daidai ba, wanda ya ɗan fi shi duhu nake ɗauka.

Daga baya na ga keken da aka ƙera don wannan aiki kawai, mai lanƙwasasshiyar allura da zare ɗaya. Yana da sauri ƙwarai, amma ɗinkinsa sarƙa ne, in ba a ɗaure ƙarshensa ba, ja ɗaya zai warware shi duka.

Wandon nan kuwa, sau biyu na farke shi. A karo na uku maigida ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya juya shi gaba da baya, ya shafa bakin ƙafar da yatsa, sannan ya miƙo mini ya ce in goge in ninke kafin mai shi ya iso.