Mako na huɗu da manhajar tsara aiki: aiki daban, zuwa daban

'Yan'uwa masu koyon haɗa sola, ga inda na kwana a wannan makon.

Wata guda ke nan da maigidanmu ya ajiye baƙin littafin da muke rubuta ayyukan shago a ciki, ya ce daga yau komai a manhaja zai shiga. Latsa waya bai ba ni wahala ba. Kalmomin ne suka riƙe ni, don kowace kalma a manhajar tana da iyakarta, mu kuwa a shago komai "aiki" muke ce masa. Kwastoma ya kira, aiki ya zo. An hau rufi an auna, an je aiki.

Jerin farko da na haddace guda biyar ne: buƙatar kwastoma, kwoteshin, aiki, inbois, sai biya. Haka manhajar Jobber, ta kamfanin nan na Edmonton a Kanada da aka kafa a 2011, ta jera nata, kuma tamu ma kusan haka take. Kwoteshin tayin farashi ne kafin a yanka ko kamu ɗaya na waya. Inbois takardar neman biya ce, rasit kuma shaidar cewa kuɗi ya shiga hannu. A kasuwar Sabon Gari takarda ɗaya kan ɗauki sunan inbois da rasit lokaci guda, shi ya sa na daɗe ina haɗa su.

Inda na fi daɗewa shi ne bambancin aiki da zuwa. Mun haɗa wa wani Alhaji a Hotoro inbata mai 5kVA, batirin litiyom mai bolt 48, da fanel 8 masu wat 550 kowanne. Sau uku muka je gidan: ranar Litinin muka lissafa kayan wutar da yake so ya ɗora muka duba rufi, ranar Alhamis muka haɗa, bayan mako guda muka koma mu ga yadda batiri ke cika. Ni sai na buɗe aiki uku a manhaja. Wayar wuta da bureka, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa, suka faɗa a na biyu, kuɗin mota ya warwatsu a duka ukun, da maigida ya zo duba ribar gidan sai ya rasa lissafi ɗaya da zai kama.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zo nan, yaro. Biki nawa ake yi wa amarya ɗaya?" Na ce, "Ɗaya ne, Oga." Ya ce, "To akwai kamu, akwai ɗaurin aure, akwai kai amarya. Ka taɓa jin an ce an yi aure uku?"

Tun daga ranar abin ya zauna mini. Aiki shi ne alƙawarin gaba ɗaya, da kayansa da farashinsa. Zuwa kuwa rana ce da lokaci da sunan wanda zai je, kuma a ƙarƙashin aikin yake rataye. Da na leƙa wasu manhajoji na tarar sunaye ne kawai ke canzawa. Jobber na cewa job da bizit, Dynamics 365 ta Microsoft na cewa wok oda da bukin, Salesforce ma wok oda take cewa, sai ta kira zuwan da alƙawarin hidima. Duk wadda aka ɗora ku a kai, ku fara neman waɗannan biyun.

Wannan ne ya buɗe mini aiki mai maimaituwa. Idan hunturu ya kama, ƙura na kwanciya a kan fanel ta rage wutar da yake bayarwa, sai a riƙa wankewa. Ba sabon aiki za a buɗe duk zuwa ba. Aiki ɗaya ne, a ce wa manhaja duk bayan mako biyu, ita za ta jera ranakun a jadawali.

Sai kwastoma, wuri, da aset. Alhajin nan yana da gida a Hotoro da shago a Kantin Kwari: kwastoma ɗaya, wuri biyu. Aset shi ne na'urar kanta da ke wurin, wato inbata ko batiri, da lambar jikinta, ranar da aka haɗa ta, da ranar ƙarewar garanti. Gurbin adireshi an yi shi ne don garuruwan da kowane gida ke da lamba, don haka ni ina tsayawa a ƙofar gida in ɗauki alamar taswira, sannan in rubuta kwatance irin namu: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, ƙofa mai ruwan toka.

Gane ma'anar dispaca bai ɗauke ni minti biyar ba. Mai raba aiki ne, kamar mai kula da layi a tasha, shi ke cewa wane ya tafi Kabuga, wane ya tsaya Sharaɗa.

Matsayin zuwa ne nake so ku ɗauka da muhimmanci: an tsara, ina hanya, ana aiki, an kammala. Kada ku danna "ina hanya" kuna tsaye a kasuwa kuna cinikin bureka. Mai raba aiki da wannan alamar yake yi wa wani kwastoman alƙawari, wasu manhajojin ma saƙo suke tura wa mai gida nan take, Hajiya ta fasa fita unguwa tana jiranku. Wannan amana ce, kuma ni ina jin nauyinta.

Akwai kuma ma'aunin da suke kira gyara a zuwan farko, wato cikin kiran gyara goma, nawa aka gama ba tare da an sake komawa ba. Da tsadar mai a yanzu, komawa ɗauko fiyus ɗaya na iya cinye ribar aikin. Idan tarihin aset yana waya, tun daga shago za ka san irin inbatar da za ka tarar, ka ɗauki abin da ya dace da ita.

Shi ya sa aikina na mako mai zuwa shi ne in ɗauko baƙin littafin nan in kwashe tsofaffin kwastomominmu zuwa manhaja. Waɗanda ba a rubuta lambar inbatarsu ba, zan bi su gida-gida in ɗauko, kuma da na Rijiyar Zaki zan fara ranar Asabar, in Allah ya kai mu.